Yoyon Ruwa Da Funfuna A Gidajen Haya: Haƙƙin Mai Gida Da Haƙƙin Ɗan Haya

Gabatarwa

Kamar yadda aka sani, da zarar damina ta kankama a birnin Sakkwato, ƙorafe-ƙorafe kan ƙaru tsakanin masu gidaje da 'yan haya. Mafi yawansu kan taso ne daga abu guda, wato rufi ya yi yoyo, ko bango ya jiƙe, kayan ɗaki sun lalace, sannan kowane ɓangare ya ce gyara ba nauyinsa ba ne. Wannan matsala ana samunta a titin Sama Road da kewayensa, inda ma'aikata da 'yan kasuwa ke kama hayar gidaje da shaguna da ofisoshi, kamar yadda ake samunta a Mabera da Arkilla da Runjin Sambo da Gawon Nama.

Al'amarin ya shafi mutanen karkara ƙwarai da gaske. Akwai ma'aikacin ƙaramar hukuma da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa birni, akwai uban da ya kama wa ɗansa ɗalibi ɗaki, akwai manomin da ya kama shago don ajiye hatsi, akwai kuma wanda ya tara abin da ya samu a noma ko kiwo ya gina gidan haya a birni alhali shi yana zaune a ƙauye. Haka nan hakimai da dagatai da masu unguwanni da jami'an duba-gari, su ne ake fara kai wa irin wannan ƙara. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayani a kan musabbabin matsalar, da illarta, da abin da shari'a ta tanada, da kuma hanyar da za a bi a kauce wa husuma. Abin da muke son a riƙe shi ne, rigimar yoyo a ranar ƙulla haya ake kashe ta. Tun ran gini tun ran zane.

Inda Ruwan Yake Shigowa

Ruwan sama a yankin Sakkwato bai da yawa in an kwatanta da kudancin ƙasar nan, domin abin da ake samu a shekara bai cika wuce kimanin milimita 600 zuwa 700 ba. Sai dai kusan dukkansa yana sauka ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma watan Agusta ne ya fi kowane. Don a gane nauyin abin, milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya daidai take da lita ɗaya. Ke nan gidan da faɗin rufinsa ya kai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, lita 5,000 ce ta sauka a kansa, wato cikin duro 25 na lita 200. Ƙaramar kafa a irin wannan rufi ta isa ta jiƙa ɗaki baki ɗaya.

Kafar kuwa tun da rani take samuwa. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kwano ya buɗe da rana ya tsuke da dare, a hankali ƙusoshi su saki. Kafin nan hunturu ya riga ya cika indararo da magudanan rufi da ƙura, ledoji da ganyaye sun toshe bakinsu. Sai ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi, ya ɗaga kwanon da ya riga ya yi sako-sako. Gidajen zamani da ake ɓoye rufinsu a bayan katanga, ana tara ruwan a magudanar kankare, sun fi shiga wannan haɗari, domin da zarar bututun ya toshe, ruwan ba ya da wata hanya sai cikin silin.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙasa. Ginin da ba a shimfiɗa masa abin tare danshi a harsashi ba, bulonsa kan tsotso ruwa daga ƙasa zuwa sama. Alamarsa ita ce fenti ya riƙa ɓamɓarewa daga gindin bango, farin gishiri ya fito, filasta ta riƙa marmashewa. Wannan ya fi tsanani a inda ruwa ke kwanciya. Unguwar Mabera ta shafe shekaru tana fama da kwanciyar ruwa a damina, kuma jama'a ba su manta da ambaliyar watan Satumba na shekarar 2010 ba, wadda ta cinye garuruwa da gonaki a kwarin Rima, ta kuma yanke hanyar da ta haɗa birni da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Hanya ta uku daga cikin gidan take: bututun famfo da ya fashe a cikin bango, tankin sama da ke ambaliya, ban-ɗakin bene da ke tsiyaya kan na ƙasa, ko sokawe da ta cika. Ta huɗu kuwa daga zaman mutane take, kamar shanya tufafi a cikin ɗaki, da girki a wurin da babu taga, da rufe tagogi dare da rana.

Rarrabe waɗannan hanyoyi huɗu shi ne matakin farko na adalci, domin sai an san inda ruwa ya shigo ake sanin wanda gyara ya hau kansa.

Illar Funfuna Ga Lafiya Da Dukiya

Funfuna halitta ce mai rai. Ƙwayoyin irinta suna yawo a iska koyaushe, ba sa buƙatar komai sai danshi da abin da za su ci, kamar katako, silin, takarda, fata ko tufafi. Abin da ya jiƙe aka bar shi bai bushe ba, cikin kwana ɗaya zuwa biyu funfuna na iya fara kama shi. Takan fito baƙa-baƙa ko kore-kore a kusurwar ɗaki da bayan kabad da ƙarƙashin katifa, kuma sau da yawa warinta ake fara ji kafin a gan ta.

A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan danshi da funfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa mazauna irin waɗannan gidaje sun fi fuskantar tari da shessheƙa da cututtukan numfashi da tsanantar asma. Ƙananan yara da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su ne suka fi cutuwa. A ƙasar Ingila, a garin Rochdale, wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a watan Disamba na 2020, kuma binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar da cewa daɗewa cikin funfunar gidan hayarsu ce ta yi sanadi. Wannan ya sa a 2023 aka yi dokar da ta ɗora wa hukumomin gidajen haya na jama'a wa'adin bincike da gyara. Mun kawo wannan ne don a fahimci cewa baƙin tabon da ke jikin bango ba abin wasa ba ne.

Ga manoma da 'yan kasuwa akwai ƙarin haɗari. Gyaɗa da masara da aka ajiye a shago mai danshi kan kama wata irin funfuna mai fitar da guba da ake kira afalatoksin, wadda dafuwa ba ta kawar da ita, kuma tana da alaƙa da ciwon dajin hanta. Duk wanda zai ajiye buhuna, ya ɗora su a kan katako, ya bar tazara tsakaninsu da bango.

Bugu da ƙari, ruwan da ya shiga silin yana haɗuwa da wayoyin lantarki, katakon rufi yana ruɓewa, ƙarfen cikin kankare yana tsatsa. A nan mai gida ne ya fi kowa asara, domin ɗan haya na iya kwashe kayansa ya tashi, gini kuwa yana nan.

Abin Da Shari'ar Musulunci Ta Tanada

Jihar Sakkwato ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, amma tun kafin nan alƙalai suna hukunta al'amuran ciniki da haya bisa mazhabar Malikiyya. Malaman wannan mazhaba sun yi magana a kan yoyon rufi ƙarara. Littafin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda aka wallafa a Masar a ƙarni na 14 kuma ake karantar da shi a zaurukanmu, ya kawo mas'alar a babin haya.

Mutane da yawa suna zaton alƙali zai tilasta wa mai gida ya yi gyara. Magana mafi shahara a mazhabar ita ce ba a tilasta masa, ko da yake wasu malamai sun tafi a kan a tilasta. Abin da aka bai wa ɗan haya shi ne zaɓi. Idan aibin mai cutarwa ne, kamar ruwa ya riƙa zuba daga rufi, yana da damar warware hayar ya tashi, a lissafa kwanakin da ya zauna, a mayar masa da ragowar kuɗinsa. Idan kuwa ya zaɓi ya ci gaba da zama a haka, to kuɗin haya cikakke na kansa. Idan kuma mai gida ya gaggauta gyara kafin ya tashi, zaɓin ya faɗi, hayar ta ci gaba.

Har ila yau, malaman sun halatta a sanya sharaɗi tun farko cewa ɗan haya zai yi gyara ko yaɓe daga cikin kuɗin hayar da ya wajaba a kansa. Wannan ya dace da al'adarmu ta dā, lokacin da ake bin soraye da yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, a gyara indararo, a duba azara. Amma wanda ya kashe kuɗinsa ya yi gyara ba da izinin mai gida ba, ya sani zai yi wuya ya iya cire kuɗin daga haya. Ta ɗaya ɓangaren kuma, gida amana ne a hannun ɗan haya. Ba ya biyan abin da ya tsufa ko ya lalace don kansa, amma yana biyan abin da sakacinsa ko ƙetare iyakarsa ya jawo.

Abin Da Dokar Ƙasa Ta Tanada

Dokokin haya da muka gada daga Turawan Ingila su ma sun jingina al'amarin ne ga yarjejeniya. A bisa asali, idan an ba da gida haya babu kaya a cikinsa kuma ba a ambaci gyara ba, doka ba ta cika ɗora wa mai gida nauyin gyara kai tsaye ba, shi kuma ɗan haya an ɗora masa ya riƙe gidan kamar yadda mai hankali zai riƙe. Wasu jihohi sun fayyace abin a rubuce. Alal misali, dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren da ake tarayya a kansu, ta ɗora wa ɗan haya kula da cikin gida, da sanar da mai gida da wuri idan wata babbar ɓarna ta auku, da ba shi damar shiga ya duba. Wannan doka ba ta aiki a nan, amma rabon da ta yi shi ne abin da akasarin yarjejeniyoyin haya suke bi, kuma ma'auni ne mai kyau ga mai yin sulhu.

Akwai kurakurai biyu da ke mayar da mai gaskiya marar gaskiya. Na farko, ɗan haya ya riƙe kuɗin haya don kansa da sunan ba a yi masa gyara ba. Yin haka yana buɗe wa mai gida ƙofar neman a fitar da shi saboda bashi. Na biyu, mai gida ya ɗauki doka a hannunsa, ya cire ƙofa, ko ya kware kwano da sunan gyara ya bar shi a buɗe, ko ya yanke ruwa da wuta, ko ya watsar da kaya waje. Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yi tir da ƙwace gida da ƙarfi a shari'ar Gwamnan Jihar Legas da Cif Ojukwu a shekarar 1986, inda ta nuna cewa ko gwamnati ba ta da wannan dama. Hanyar da aka sani ita ce a ba da takardar notis. Idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, abin da aka saba a dokokin jihohin ƙasar nan shi ne mako ɗaya ga mai biyan mako-mako, wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata uku ga mai biyan wata uku-uku, wata shida ga mai biyan shekara. Bayan wa'adin ya cika a ƙara notis na kwana bakwai, sannan a je kotu, ita ce kaɗai mai ikon ba da umarnin fitarwa.

Ke nan shari'ar Musulunci da dokar ƙasa sun haɗu a wuri guda: wanda ya yi sharaɗi tun farko, ya kuma yi magana da wuri, shi ne mai hujja.

Rabon Nauyi Bisa Adalci

Idan babu rubutacciyar yarjejeniya, muna ba masu sulhu shawara su bi wannan rabo. Rufi, da magudanar rufi, da tsagewar bango, da danshin harsashi, da bututun da ke binne a bango ko ƙasa, da tankin da kowa ke amfani da shi, na mai gida ne, domin jikin gini ne kuma amfaninsu zai wuce zaman ɗan haya. Kan famfo da ya saki, da kwatar da shara ta toshe, da buɗe tagogi, da share indararo a gidan da mutum ke zaune shi kaɗai, na ɗan haya ne.

Batun kayan da suka lalace shi ne ya fi zafi. A ɗauka wani ma'aikaci ya kama ɗaki biyu da falo na shekara guda. A watan Yuni ya ga tabo a silin, ya aika wa mai gida saƙo, ya sake aikawa bayan mako biyu, ba a zo ba. A watan Agusta silin ya rufto, katifa da littattafai suka lalace. Wannan yana da hujjar neman a rage masa asara, domin ya sanar kuma an yi sakaci. Amma da a ce ya ga tabon ya sa bokiti ya yi shiru har wata biyu, to shi ma yana da kaso a cikin laifin, domin gyaran da zai ci kwano ɗaya ya koma na silin da katako da fenti. Tambayoyi uku ne ke warware irin wannan ƙara: daga ina ruwan ya shigo, yaushe aka sanar, kuma me aka yi bayan sanarwar.

Matakan Da Ya Kamata A Bi

1. Kafin a biya kuɗi, a zaga gida da rana tare da mai shi ko wakilinsa. A ɗaga kai a dubi silin, a duba gindin bango da bayan ƙofofi. Sabon fenti a gefe ɗaya kawai abin tambaya ne. Wanda ya kama gida da rani, ya tambayi maƙwabta yadda yake kwana da damina.

2. A rubuta yarjejeniya, ko da da Hausa ce, ta boko ko ta ajami, da shaidu biyu. A faɗi wanda zai gyara rufi da famfo da sokawe, da kwanakin da za a yi gyara bayan sanarwa, da ko an yarda ɗan haya ya gyara ya cire daga haya. Kowa ya riƙe kwafinsa, kuma a karɓi rasit a kan kowane biya.

3. Mai gidan da ke zaune a ƙauye ya naɗa wakili a birni, ya kuma ba shi ikon kashe wani adadi na kuɗi ba sai an jira shi ba. Dillalin da aikinsa karɓar haya kawai ba ya wadatarwa.

4. A watan Afrilu ko Mayu mai gida ya kira kafinta ya hau rufi, a ƙara ƙusa, a share magudanai. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa ke fitarwa a farkon kowace shekara yana taimakawa wajen sanin lokacin da za a shirya.

5. Ranar da aka ga yoyo, a ɗauki hoto da waya, a sanar a rubuce, a janye kaya, a kashe wutar ɗakin idan ruwa ya kusanci waya.

6. A fara toshe hanyar ruwa kafin a goge funfuna. Shafa fenti a kanta ɓata kuɗi ne. A wanke wurin da sabulu ko ruwan bilic da aka sirka, a rufe hanci da baki, a sa safar hannu, a buɗe tagogi, kuma kada a gauraya bilic da wani sinadari. Silin ko katifar da funfuna ta ci ciki, zubarwa ita ce magani.

Kira Ga Shugabannin Al'umma Da Jami'ai

Muna kira ga masu unguwanni da dagatai da hakimai, idan aka kawo masu irin wannan ƙara, su je su ga ɗakin da idonsu, su tafi da magini ko mai gyaran famfo wanda ba ya da alaƙa da kowane ɓangare. Sulhun da aka cimma a rubuta shi, a sa rana, a sa hannu. Jami'an duba-gari na ƙananan hukumomi su ɗauki ɗaki mai funfuna da akwai yara a cikinsa a matsayin al'amarin lafiya, su rubuta rahoto, domin rahotonsu hujja ce a gaban alƙali. Inda tsagewa ta kai ga ana tsoron ruftawar gini, a fitar da mutane tukuna, a sanar da hukumar tsara birane, sannan a yi maganar kuɗi. Idan ruwan daga kwalbatin titi da ya toshe yake shigowa, to ba laifin mai gida ba ne, ba kuma na ɗan haya ba, aikin gayya ne da na hukuma.

Idan sulhu ya gagara, ƙofar kotun shari'ar Musulunci da ta majistare a buɗe take. Wanda ba ya da halin ɗaukar lauya na iya neman shawara a ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi.

Kammalawa

Daga ƙarshe, muna tunatar da masu gidaje cewa kuɗin da aka karɓa na haya fansar amfanin gida ne, kuma ɗakin da ruwa ke zuba ba ya ba da wannan amfani. Muna tunatar da 'yan haya cewa gidan da ke hannunsu amana ne, shiru a kan ɓarna kuwa cin amana ne. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin daminar da ke tafe, kowane mai gida ya sa a hau rufinsa, kowane ɗan haya ya nemi takardar yarjejeniyarsa ya duba abin da ta ce a kan gyara, idan babu, a zauna a rubuta.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.